Shiga Ajin Kimiyya a Babbar Sakandare: Tambayoyin Iyaye da Ɗalibai da Amsoshinsu

Duk shekara, da an gama jarabawar aji uku, sai ka ga iyaye suna zarya a ofishin malamai. Maganar ɗaya ce: a saka yaro a ajin kimiyya. Wani da roƙo yake zuwa, wani da takardar wani babba, wata uwar kuma hawaye ne makaminta. Na daɗe ina koyar da Kemistiri a babbar sakandare, tambayoyin nan kuwa su ne na fi sha daga bakin iyaye da yaran kansu. Tsarin Najeriya na bi, amma can ƙasa akwai amsa guda kan Nijar da Gana.

Mene ne ajin kimiyya, kuma yaushe ake shigarsa?

Sakandare a Najeriya shekara 6 ce, 3 a ƙarama, 3 a babba. A ƙaramar sakandare kowa abu ɗaya yake karantawa, ita kanta kimiyyar a dunƙule ake ba da ita cikin darasi guda. Bayan jarabawar BECE, wato ta kammala aji uku, yaro ya shiga SS1, wanda muka saba kira aji huɗu, a nan hanya take rabuwa. Yawancin makarantu gida uku suke kasa ɗalibai: kimiyya, adabi, da kasuwanci, waɗanda yara ke kira sayans, at da kwamashiyal.

Abin da aka zaɓa a makonnin farko na aji huɗu shi zai bi yaro har WAEC da NECO da JAMB. Yaro ne mai shekara 14 ko 15 ake sa wa wannan nauyi, sau da yawa cikin minti biyar, a tsaye a bakin ƙofar aji.

Waɗanne darussa ake ɗauka?

Turanci da Lissafi dole ne ga kowa, ko wane aji yake. Ɗan kimiyya sai ya ƙara da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Waɗannan biyar ɗin su ne ƙashin baya, duk sauran rakiya suka yo. Da yake darasi 8 ko 9 ake yi wa ɗalibi rajista a WAEC, ana cike ragowar da darasin zama ɗan ƙasa, da sana'a guda, sannan a zaɓa daga irin su Aikin Gona, Labarin Ƙasa, Ƙarin Lissafi, Zanen Fasaha, Addini ko Hausa, gwargwadon malaman da makaranta take da su.

Manhajar da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fito da ita a 2011 ita ta shigo da darussan sana'a, har guda 34. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage su zuwa 6: haɗawa da gyaran sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Saboda wannan sauyin, jerin darussan wa da na ƙane yana iya bambanta. Ku karɓi jerin daga hannun makarantar tun farkon zango, kada ku dogara da abin da yayansa ya yi. Biyar ɗin can dai suna nan inda suke.

Malam, ta yaya zan gane ko ɗana zai iya kimiyya?

Alhaji, ajiye katin sakamako tukuna, ka ce ya ɗauko biro da takarda. Ka ba shi tambaya uku. Ta farko: rabi a tara da sulusi, nawa ke nan? In ya ce 5/6, madalla. In ya ce 2/5, wato ya tara na sama ya tara na ƙasa, to akwai aiki. Ta biyu: buhun masara mai kilo 80 ya bushe ya koma kilo 68, kashi nawa cikin ɗari ya ragu? Amsa 15. Ta uku: ka rubuta masa v = u + at, ka ce ya ware t ita kaɗai a gefe guda. Yaron da ya warware waɗannan ba tare da ya yi zufa ba zai iya zama a ajin Fiziks ya fahimci abin da ake faɗa.

Dalilin da na sa Lissafi a gaba shi ne, tun zangon farko Fiziks yake fara awo, da gudu, da zanen giraf. Kemistiri ma kafin shekarar ta ƙare zai kawo daidaita ikweshan da lissafin mol, inda za a ce wa yaro kowane mol yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Wanda kason lamba ke ba shi tsoro, a nan yake yanke ƙauna ya koma hadda. Hadda kuwa takan ɗan yi rana a Bayoloji, amma a Fiziks ba ta kai mutum ko bakin ƙofa.

Alama ta biyu ita ce yawan bin diddigi. Yaron da ya kwance tocilan ɗin gida don ya ga cikinta, ko yarinyar da ta dami mahaifiyarta da tambayar me ya sa kanwa ke sa wake saurin nuna, waɗannan su ne ba sa gajiya da ajin. A gida ɓarna ake kiran abin nasu, mu kuwa irinsu muke nema.

Ina son zama likita amma Lissafi yana ba ni wuya. In haƙura?

Kada ka haƙura tun yanzu, amma kada ka yaudari kanka. Gaskiya ne mai neman likitanci ba ya rubuta Lissafi a JAMB, sai dai dole ya sami kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, kuma Fiziks da Kemistirin da zai rubuta cike suke da lissafi. Yawancin masu cewa Lissafi ya fi ƙarfinsu ramuka biyu ko uku ne suka bari a baya tun firamare: kason lamba, lambobi masu alamar ɗebewa, da juya ikweshan. Wata uku na zama da mai haƙurin koyarwa yakan cike su. Ka ba kanka zango biyu na aji huɗu. In har lokacin kana ƙasa da 40 a Fiziks da Lissafi duk da ƙoƙarin, karanta amsar da ke maganar canja aji.

Da gaske ne ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, na adabi kuma na ragwaye?

Wannan maganar ta ɓata yara da yawa, kuma mu malamai muna da laifi, tun da mu ne muke jera sunaye daga na ɗaya, mu yanka a tsakiya, mu ce na sama kimiyya, na ƙasa adabi. Alƙali da lauya da ɗan jarida da akanta ba ragwaye ba ne.

Na taɓa yin wani ɗalibi da in ya tashi a muhawara sai zaure ya yi tsit. Mahaifinsa ya rantse sai ya zama likita, don ɗan maƙwabcinsa likita ne. Sau uku yaron yana zama jarabawa, sau uku Kemistiri yana kayar da shi, a darasina kuwa. Sai da ya koma ya ɗauki Adabin Turanci da Gwamnati a jarabawar 'yan waje, sannan ya wuce ya karanta shari'a, sa'o'insa sun riga shi da shekara uku. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Uban ne ya kamata a yi wa wannan karatun, ni kuwa a lokacin nauyinsa na ji, na yi shiru.

Bayoloji ko Aikin Gona, wanne ya fi?

In makaranta ta yarda, a ɗauki duka biyun. In dole sai ɗaya, a ɗauki Bayoloji. Yawancin kwasa-kwasan noma suna karɓar kowanne daga ciki, amma likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya da gwajin asibiti Bayoloji suke nema, Aikin Gona ba ya maye gurbinsa. Haka nan mai son injiniyanci kada ya ce Bayoloji bai dame shi ba. Ra'ayin ɗan shekara 15 yakan juya kafin aji shida.

Shi Ƙarin Lissafi, wanda ake kira fada mas, dole ne?

Ba dole ba ne, kuma yawancin jami'o'i ba sa gindaya shi a sharaɗin shiga. Amma wanda ya nufi injiniyanci, kwamfuta, Fiziks ko Lissafi zai gode wa Allah in ya yi shi, don kalkulas da bekta da zai tarar a shekarar farko ta jami'a ya riga ya gaisa da su. Matsalar ita ce malaminsa yana wuya. In a jadawali kawai darasin yake, ba mai shiga aji, gara a bar shi da a je a kwaso F9.

Makarantarmu ba ɗakin gwaje-gwaje, malamin Fiziks ma sai an ga dama. Yaya za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata iyaye su fara yi, ita ce kuma suka fi mantawa. A WAEC kowanne daga Fiziks, Kemistiri da Bayoloji takarda uku ce: ta zaɓin amsa, ta rubutu, da ta gwaji da hannu. A gwajin Kemistiri za a ba ɗalibi biret, wani dogon bututun gilashi mai awo da ɗan famfo a ƙasa, ya riƙa ɗiga ruwan asid cikin ruwan alkali har launi ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ne tsakanin daidai da kuskure. Na taɓa sa ido a wata makaranta, na ga yarinya ta kama famfon hannunta na rawa, ta murɗe shi gaba ɗaya, asid ya zube sharr, ruwan ya koma ja. Ta ɗago ta dube ni ido cike da ƙwalla. Lissafin duk yana kanta, ta haddace shi tsaf, amma ranar ce ta fara taɓa biret a rayuwarta.

Don haka kafin ku biya kuɗin makaranta, ku je da kanku, zuwa da kai ya fi aike. Ku ce a buɗe muku ɗakin gwajin. Ku duba ko akwai ƙura a kan teburan. Ku tare ɗan aji biyar ku tambaye shi yaushe rabon da su yi gwaji, kuma wa ke koya musu Fiziks. In malami ɗaya ne ke riƙe da Fiziks da Kemistiri da Lissafi daga aji huɗu zuwa shida, kun sami amsarku. In canja makaranta ba zai yiwu ba, iyaye su haɗa kai ta ƙungiyar iyaye da malamai, a nemi wata makaranta ta kusa ta ba da aron ɗakinta ranar Asabar. Na ga an yi haka, ya kuma yi amfani.

A gida ma akwai abin yi, da babu gara ba daɗi. Ka ɗaura ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita 1, ka rataye, ka ɗan tura shi, ka ƙirga zuwa da dawowa 20 da agogon waya. Za ka sami wajen daƙiƙa 40. Ka rage zaren, ka sake, ka rubuta, ka zana giraf: irin aikin da ake yi a gwajin Fiziks ke nan. Ka jiƙa zoɓo, ka raba ruwan kofi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, ka zuba ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya yi duhu-duhun kore. Ka ga bambancin asid da alkali da idonka. Ruwan batirin mota da sodar sabulu kuwa a bar su inda suke, ƙuna suke yi.

Makarantun kimiyya na musamman fa, sun cancanci wahalar shigarsu?

Sun cancanta, in yaro ya ci jarabawar da kansa. Jihar Kano ce ta yi fice a wannan tsari, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura da ta maza a Kafin Hausa, waɗanda suka faɗa Jigawa da aka ƙirƙiro ta a 1991. Dabarar mai sauƙi ce: a tace yara ta jarabawa bayan ƙaramar sakandare, a tara su a makarantar kwana, a tara musu malamai da kayan gwaji wuri guda. Shiga kowane babban asibiti a Kano ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ka ji sunan Dawaki ya fi sau ɗaya. Wasu jihohin Arewa ma suna da irinsu.

Sai dai a lura, kalmar kimiyya a allon ƙofa ba ta koyar da kowa. Makarantun kuɗi da yawa sun laƙaba wa kansu sunan. A auna su da tambayoyin da ke cikin amsar da ta gabata.

Mene ne bambancin ajin kimiyya da kwalejin fasaha?

A kwalejin fasaha yaro yana yin shekara 3 bayan aji uku yana koyon sana'a da hannu, irin su wayarin lantarki, kanikanci, walda, gini ko kafinta, haɗe da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Jarabawarsu ta hukumar NABTEB ce, wadda aka kafa a 1992, kuma ana shiga kwalejin kimiyya da fasaha, wato poli, da sakamakonta, har da jami'o'i da dama. Yaron da hannunsa ya fi bakinsa magana, wannan hanyar takan fi masa. Yana fita da abin da zai ci abinci da shi ko da karatun gaba ya yi jinkiri. Amma mai son aikin asibiti kada ya bi nan, don ba a ba Bayoloji muhimmanci.

Wane sakamako ake buƙata a WAEC ko NECO?

Kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba sa shiga lissafin gurbi, F9 kuwa faɗuwa ce. Kwasa-kwasai da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, wato a haɗa na WAEC da na NECO, ko na bara da na bana. Likitanci kuwa a jami'o'i da dama sai a zama ɗaya. WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta ƙasashe biyar ce: Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. NECO ta Najeriya ce kaɗai, an kafa ta a 1999, hedikwatarta na Minna. A cikin gida darajarsu ɗaya.

Ba zan wuce ba sai na taɓo cibiyoyin nan da ake kai yara a rubuta musu amsa a allo. Ban da haɗarin a riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya, A1 ɗin da aka saya ba ya zama a ajin Fiziks na shekarar farko a jami'a. Malaman jami'a suna gane su tun gwajin farko.

Wane haɗin darussa zan cike a JAMB?

Darasi 4 ake rubutawa, Turanci dole, tambaya 180 cikin awa 2, jimillar maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yi. Mai neman likitanci, likitan haƙori, likitan dabbobi, haɗa magunguna, jinya ko gwajin asibiti zai haɗa Turanci da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci zai cire Bayoloji ya sa Lissafi. Kimiyyar kwamfuta da zanen gine-gine suna son Lissafi da Fiziks, sannan na huɗu daga jerin da aka yarda da shi. Noma yana son Kemistiri, da Bayoloji ko Aikin Gona, da Fiziks ko Lissafi. Ka ga dalilin da na nace a riƙe biyar ɗin nan gaba ɗaya: mai su yana iya juyawa ko ta ina har ranar cike fom.

Kowace jami'a tana da 'yan sharuɗɗanta, suna cikin kundin da JAMB ke sakawa a shafinta. Ka karanta shi da idonka. Kada ka bar mai shagon intanet ya zaɓa maka darasi don layi ya yi tsawo, na ga wanda ya ci maki mai kyau ya rasa gurbi a kan haka. Ka tanadi lambar NIN da wuri, ka tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya da na takardun makaranta. Sannan a 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, amma wannan bakin ƙofa ne kawai, likitanci da injiniyanci suna can sama nesa da shi.

In ban sami likitanci ba, kimiyyar tawa ta tashi a banza ke nan?

Ina! Ka shiga kowane aji huɗu ka ce masu son likitanci su ɗaga hannu, kusan kowa zai ɗaga. Gurbi kuwa ƙididdigagge ne, don hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Dole mafi yawa su bi wata hanya, hanyoyin kuma suna da yawa. A asibiti kaɗai akwai jinya, ungozoma, haɗa magunguna, gwajin jini, ɗaukar hoto da gashin ƙashi. Akwai likitan dabbobi, wanda ake karantawa a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a yankin da dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu amma yaranmu suna raina kwas ɗin. Akwai noma, ga cibiyar bincike ta Samaru da ta dabbobi a Shika. Akwai injiniyan ruwa, na lantarki, da ilimin ma'adinai. Akwai koyarwa, malamin Fiziks nagari kuwa makarantu rububinsa suke yi.

Wanda JAMB ta ƙi masa kuma yana da wasu ƙofofin. Zai iya yin IJMB, jarabawar share fagen shiga jami'a wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa. Akwai difloma ta shekara 2, da NCE, wato shaidar malanta, ta shekara 3, duka ana ɗorawa a kansu. Dukkansu sakamakon WAEC ko NECO za su fara tambaya.

'Yata tana son kimiyya, amma ana cewa karatun yana da tsawo, ga maganar aure. Me za ka ce, Malam?

Hajiya, ga lissafin a fili. Likitanci shekara 6 ne, da shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan hidimar ƙasa. Digirin jinya da na gwajin asibiti shekara 5 ne. Kwalejin jinya da ungozoma da makarantar kiwon lafiya sun fi gajarta. Duka Fiziks, Kemistiri da Bayoloji suke nema, saboda haka shigarta ajin kimiyya bai ɗaure ta da doguwar hanya ba, zaɓi ya ba ta. Ɗalibaina da dama da aurensu suka ƙarasa, wasu da goyo. Abin da ya raba wadda ta gama da wadda ta tsaya, a abin da na gani, shi ne an yi maganar karatun a fili da mijin da danginsa kafin a ɗaura.

Mu ne kuma muke ƙorafi in matanmu suka je awo ko haihuwa suka tarar da namiji. Likita mace ba daga sama za ta faɗo ba, 'yar wani ce aka bari ta yi aji huɗu a kimiyya. Zancen wai Fiziks na maza ne, takardun da na yi shekaru ina makawa ba su nuna mini haka ba.

Za a iya canja aji bayan an fara?

Ana iyawa, amma lokaci ne ke hukunci. Daga kimiyya zuwa adabi ko kasuwanci a cikin aji huɗu abu ne mai sauƙi. A farkon aji biyar ma da dama-dama, in yaro zai zage ya cike abin da ya wuce shi. A aji shida kuwa an makara, don makaranta tana tura wa hukumar jarabawa makin gwaje-gwajen ɗalibi na shekarun baya a kan darussan da ya yi. Daga adabi zuwa kimiyya ya fi wuya nesa ba kusa ba, in zango biyu ya wuce gara a maimaita aji huɗu. Maimaita shekara ɗaya a sakandare ya fi zaman shekara uku ana bin jarabawar 'yan waje.

Ɗan kimiyyar da ya haɗa da Tattalin Arziki yana iya neman kwasa-kwasan kasuwanci da dama ba tare da ya canja aji ba. Shari'a ce ba ta yiwuwa sai da Adabin Turanci.

Ina gane darasi in an yi bayani da Hausa, amma a jarabawa sai in kasa rubutawa. Mene ne magani?

Ganewa da Hausa ba aibi ba ne, ni ma in na ga idanu sun yi fari a aji sai in juya harshe. Amma da Turanci za a tambaye ka, da shi za ka amsa. Duk abin da ka gane, rufe littafi ka rubuta shi da Turancinka cikin layi uku, ka kai wa malami ya gyara. Ka nemi tambayoyin shekarun baya ka lura da kalmar da ke farkon kowace tambaya, don wadda ta ce a ambata daban take da wadda ta ce a yi bayani, ko a kwatanta, ko a zana. Yara da yawa sun san amsa, tambayar ce ba su karanta ba. Kada ka manta kuma Turancin kansa yana cikin biyar ɗin da aka lissafa a amsar WAEC da NECO, kuma ya hana yaran Arewa masu kyawun Fiziks gurbi ba adadi.

Ɗan kimiyya zai iya ɗaukar Addini ko Hausa?

Ƙwarai, in akwai sarari cikin tara ɗin. Ba za su shiga biyar ɗin da kwas na kimiyya ke nema ba, amma ba sa rage komai, kuma sukan yi rana in aka juya zuwa wani fannin.

Mu da ke Nijar ko Gana, haka abin yake?

A Nijar, bayan shekara 4 a kwaleji, wato ƙaramar sakandare, da jarabawar kammala ta, BEPC, ɗalibi yana shiga lise, wato babbar sakandare, inda ake raba aji A na adabi da aji C na kimiyya. A shekara ta biyu kimiyyar ta sake rabuwa: C ga masu ƙarfi a Lissafi da Fiziks, D ga masu haɗawa da ilimin halittu da na ƙasa. Ana ba da maki bisa 20, kuma kowane darasi da nauyinsa a jarabawar Bak ta kammala lise, don haka raunin Lissafi a C ba ya ɓoyuwa. Masu nufin likitanci da noma sun fi bin D, masu nufin injiniyanci, irin na makarantar EMIG ta ma'adinai a Yamai, C ta fi shirya su. Ita kanta babbar jami'ar Yamai sunan masanin Fiziks take ɗauke da shi, Abdou Moumouni, wanda ya yi fice a binciken makamashin rana.

A Gana tun wajen cike fom ɗin zaɓen makaranta, kafin a rarraba ɗalibai bayan BECE, ake zaɓar fanni. A tsarin da aka daɗe a kai, ɗan kimiyya yana ɗaukar Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Lissafin zaɓi a kan darussan dole guda huɗu. Iyayen da ke Zango su zauna da yaro a kan fom ɗin nan, don canja fanni bayan an tura shi makaranta yana da wuya.

Na gama aji uku, ina hutu. Me zan yi kafin a koma?

Ka ɗauko littafin Lissafin aji biyu da na aji uku, ka riƙa warware tambaya goma kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Ka fi ba da ƙarfi a wuraren nan uku da aka ambata a amsar mai son likitanci. Ka haddace sunaye da alamomin sinadarai 20 na farko, daga haidurojin zuwa kalsiyam, don da su za a tarbe ka a Kemistiri. Ka nemi wani ɗan aji biyar a unguwarku ya ara maka littafin rubutunsa na Fiziks na zangon farko, ka duba ko da ba ka gane ba. Kayan da za ka tanada kaɗan ne: akwatin kayan lissafi, kalkuleta ta kimiyya, littafin giraf, fensir mai kyau don zanen Bayoloji, da farar rigar gwaji in makarantarku tana nema. Kalkuletar ka rubuta sunanka a bayanta da tsinin kamfas, don ita ce ta fi ɓata a aji huɗu.